Tambayi Likita: Ƙarin da aka cire mini ya dawo, an ce sankarar fata ce

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni baduku ne a cikin garin Sakkwato, shekaruna 38. Kimanin shekara bakwai da suka wuce na ga wani ɗan tauri a fatar ƙirjina, ƙasa kaɗan da kafaɗar dama, kamar tsohon tabo, ba ya ciwo kuma ba ya ƙaiƙayi. Bayan shekara huɗu sai ya fara tasowa ƙullutu-ƙullutu. Na je wurin wanzami ya yi mini tsaga ya sa ƙaho, jini kawai ya fita. Daga baya aka cire shi a wani ƙaramin asibiti, aka ce kitse ne, ba a kai shi awo ba. Ba a cika shekara biyu ba ya dawo a kan ɗinkin, ya fi na da girma. Yanzu a babban asibiti an yanki kaɗan an auna, takarda ta fito da suna dermatofibrosarcoma protuberans. Likitan tiyata ya ce sai an yanke har da lafiyayyar fatar da ke kewaye, a ɗebo fata daga cinyata a rufe wurin. Yayyena sun ce kada in yarda, wai idan ƙarfe ya taɓa ciwon daji bazuwa yake yi, ga shi ma na farko ya dawo. Shin da gaske ciwon daji ne? Me ya sa za a yanke inda ba ciwo? Babu maganin sha? Kuma 'ya'yana za su gada? Daga wani mai karatu, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah Ya ba ka lafiya. Ba zan ɓoye maka ba, abin da takardarka ta ambata nau'i ne na ciwon daji, likitoci kan taƙaita sunansa su ce DFSP. Amma ina so ka riƙe magana ta biyu tare da ta farko: yana cikin ciwon dajin da ake warkewa daga gare su, kuma mafi yawan waɗanda aka yi wa aikin da ya dace suna ci gaba da rayuwarsu da sana'arsu. Shawarar da likitanka ya ba ka ita ce daidai, kuma zan yi ƙoƙarin nuna maka dalili yadda kai ma za ka iya zama da yayyenka ka yi musu bayani.

Tun da baduku ne kai, ka fi mutane da yawa sanin cewa fata ba shafi ɗaya ba ce. Akwai siririn bayanta na sama, akwai tsaka-tsakinta mai kauri da ƙarfi, wanda shi ne ke zama ƙirgi bayan jima, sannan akwai kitsen da ke ƙarƙashi, a ƙarƙashin kitsen kuma akwai wata farar tantani mai ƙarfi da ta lulluɓe tsoka. Wannan ciwo daga tsaka-tsakin nan mai kauri yake farawa. Wasu likitocin Faransa biyu, Darier da Ferrand, su suka yi bayaninsa a 1924, sannan wani likitan Jamus, Hoffmann, ya raɗa masa sunan da ka gani a takardarka a 1925. Ba ciwo ne mai yawa ba, domin a ƙididdigar Amurka kimanin mutum 4 ne cikin miliyan ɗaya ke kamuwa da shi a shekara, kuma ƙididdigar ta nuna baƙar fata sun fi farar fata samunsa kusan ninki biyu. Ya fi bayyana tsakanin shekara 20 da 50, ya fi fitowa a ƙirji da baya da ciki da kafaɗa, sai damtse da cinya, sannan kai da wuya. Littattafan Turawa kan ce launinsa ja ne ko shunayya, amma a fatarmu yakan zo da launin fatar ne ko ya ɗan fi ta duhu, wannan kuwa yana cikin abin da ke sa a ɗauke shi tabo, a bar shi shekara da shekaru.

Halinsa da ya fi muhimmanci shi ne abin da ido ke gani a sama bai kai abin da ke ƙasa ba. Duk wanda ya yi noma a fadamar Rima ya san ciyawar kiri-kiri: ka sare ganyenta tas, saiwarta na nan tana rarrafe a ƙarƙashin ƙasa, ruwan farko sai ta tsiro taku biyu daga inda ka sare. Haka DFSP yake miƙa sirara-siraran saiwoyi cikin fata da kitse, su yi nisa da ƙullutun, kuma ido ba ya ganinsu, hannun likita ma ba ya jin su. Idan aka sa yankinsa a ƙarƙashin madubin awo, ƙwayoyinsa kan jeru kamar saƙar tabarma, inda suka kutsa cikin kitse kuma sai wurin ya yi kama da saƙar zuma, kitse a cikin ramuka, ciwon ya zagaye shi. Masu awon nama kan ƙara da wani rini na musamman da ake kira CD34, wanda ke kama ƙwayoyin wannan ciwo, ya bambanta shi da wasu ƙulluttan fata marasa illa da suka yi kama da shi.

Wannan shi ya amsa maganar yayyenka. Ba taɓawar ƙarfe ta dawo da ciwon ba. Wanda ya yi maka aikin farko ya ɗauka kitse ne, sai ya cire ƙullutun kawai ya ɗinke, saiwoyin suka zauna a inda suke suka ci gaba da girma. Rahotannin likitoci sun nuna cewa idan aka yi irin wannan cirewa ta daf da ƙari, ciwon kan dawo ga kashi ɗaya cikin huɗu na marasa lafiya har zuwa sama da rabinsu. Idan kuwa aka yanke da faɗi, aka kuma tabbatar a ɗakin awo cewa gefunan naman da aka cire ba ciwo, waɗanda yake dawo wa ba su kai 10 cikin 100 ba. Abin da ya fi ɓata mini rai a labarinka shi ne naman da aka zubar ba tare da an kai shi awo ba, domin da an auna shi a wancan lokacin, da an sake buɗe wurin an faɗaɗa yankan tun ciwon yana ƙarami, wataƙila da ba a ma kai ga maganar ɗebo fata daga cinya ba. Ba laifinka ba ne, kuma ba na faɗa don ka riƙe wani a zuci. Na faɗa ne domin masu karatu su san haƙƙinsu ne su tambayi inda aka kai abin da aka cire daga jikinsu.

Ga yadda aikin yake. Likita zai zana da'ira a kan fatarka, tazarar santimita 2 zuwa 3 daga bakin ƙarin ta kowane gefe, ya haɗa da tsohon ɗinkin gaba ɗaya, sannan ya yanke ƙasa har ya ɗauke farar tantanin nan da ke kan tsoka. Ka yi lissafi da kanka: ƙarin da faɗinsa santimita 4 ne, idan aka ƙara 3 ta dama da 3 ta hagu, wurin da za a buɗe ya zama santimita 10, wato kusan tafin hannunka. Na sha tsayawa da alƙalamin zane a hannu ina kallon fuskar mara lafiya lokacin da ya sunkuya ya ga girman da'irar, ya ɗago ya ce, "Likita, duk wannan?" Nakan ɗauki yatsansa in ɗora a tsakiyar ƙullutun, in ja shi a hankali zuwa bakin zanen, in ce masa saiwar na iya kaiwa nan. Irin wannan rami ba ya haɗuwa da zare kawai, shi ya sa ake fere siririyar fata daga cinya a shimfiɗa, ko a juyo fatar da ke maƙwabtaka da wurin a rufe. Inda aka fere a cinya kan warke da kansa cikin mako biyu zuwa uku, kamar babbar ƙujewa. Likitan zai sa wa naman alama da zare domin mai awo ya san sama da ƙasa, dama da hagu, yadda idan an ga sauran ciwo a wani gefe za a san ainihin inda za a ƙara yankewa. Saboda haka idan aka ce za a bar wurin a ɗaure na wasu kwanaki kafin a rufe, ko aka ce za a koma da kai ɗakin tiyata karo na biyu, kada ka ɗauka aikin ya ɓaci, jiran tabbaci ake yi.

Akwai wata hanya da ake kira tiyatar Mohs, da sunan likitan Amurka da ya ƙirƙiro ta, Frederic Mohs, inda ake yankar naman kaɗan-kaɗan ana duba dukkan gefunansa a madubi, ana bin saiwar har inda ta ƙare. Tana rage asarar lafiyayyar fata, dawowar ciwon bayanta kuma bai wuce 1 zuwa 2 cikin 100 ba, shi ya sa aka fi son ta idan ƙarin yana fuska ko fatar kai. Tana buƙatar ƙwararru da kayan aiki na musamman da ba a cika samu ba a ƙasarmu. Ga ƙari irin naka da ke ƙirji, yanka mai faɗi tare da awon gefuna a tsanake hanya ce karɓaɓɓiya a ko'ina a duniya, don haka kada ka ji kamar an rage maka wani abu.

Kafin aikin, mai yiwuwa a nemi ka yi hoton MRI, wato hoton na'ura da ke nuna cikin nama dalla-dalla, domin a ga zurfin da ya yi, musamman da yake dawowa ya yi, a kuma ɗauki hoton huhu. Kada wannan ya firgita ka. DFSP ba ya cika tafiya wani sashe na jiki ba, waɗanda nasu ke bazuwa ba su kai 5 cikin 100 ba, kuma idan ya bazu huhu ya fi nufa. Haɗarin ya fi ga wani rukuni, kimanin 10 zuwa 15 cikin 100 na masu ciwon, waɗanda wani ɓangare na ƙarinsu ya rikiɗe ya zama mai saurin girma, abin da takardar awo ke kira fibrosarcomatous. Ka tambayi likitanka kai tsaye ko an ga wannan kalma a sakamakonka. Dawowa bayan dawowa na ƙara ba ciwon damar kutsawa cikin tsoka da ƙashi, wannan kuma shi ne dalilin da ya sa ba na so ka ƙara wata shida kana shawara.

Maganin sha kuwa akwai shi, sunansa imatinib, amma yana da wurinsa. A sama da 90 cikin 100 na masu wannan ciwo ana samun wani kuskure a cikin ƙwayoyin ƙarin: guntun kuromozom na 17 da na 22, wato biyu daga cikin zarurrukan da ke ɗauke da umarnin aikin ƙwaya, sun yi musaya, sai ƙwayar ta riƙa ƙera wa kanta sinadarin da ke umartarta da ta yi ta hayayyafa ba tsayawa. Imatinib yana toshe ƙofar da umarnin ke shiga. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi don wannan ciwo a 2006, ga wanda ƙarinsa ya gagari tiyata, ko ya bazu, ko ya yi ta dawowa, kuma wani lokaci ana ba da shi na wasu watanni domin ƙarin ya ragu kafin a yi aiki. Kusan rabin masu shan sa ne ƙarinsu ke raguwa sosai, ba ya tumɓuke saiwar, yana da tsada, yana kawo kumburin fatar ido da ƙafa, tashin zuciya, ɗaurewar tsoka da raguwar ƙwayoyin jini, mai ciki kuma ba ta shan sa. Ba maganin da za ka saya a kemis ka gwada ba ne. Gashi da na'ura, wato rediyoterafi, shi ma taimako ne da ake ƙarawa idan an ga sauran ciwo a gefe kuma babu halin ƙara yanka. Ruwan kemo da mutane suka fi tsoro ba ya yi wa wannan ciwo aiki sosai, don haka ba a cika ba da shi ba.

Game da 'ya'yanka, kwantar da hankalinka. Kuskuren nan a cikin ƙarin kaɗai yake, ya faru ne bayan haihuwarka, ba ya cikin abin da kake gadar wa zuriya. Ba a ɗaukarsa ta kwano ko shimfiɗa ko tufafi, kuma ba a danganta shi da taɓa fatun dabbobi ba, saboda haka sana'arka ba ta da laifi.

Shawarata ita ce ka koma asibiti da babban yayanka, ya ji bayanin daga bakin likita, ya yi duk tambayar da ke ransa. Addu'a da tofi ba sa hana tiyata, tiyata ma ba ta hana su, abin da nake roƙo ka bari shi ne tsaga da sakiya da shafa magunguna masu cin fata, domin gyambo suke jawowa su ɓata fatar da likita zai buƙata wajen rufe wurin. A nan Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yana da likitocin tiyatar gyaran fata, da sashen awon nama, da sashen kula da ciwon daji. Idan kuɗi ne matsala, ka faɗa wa likitanka tun yanzu, ka nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin, ka kuma kai kokenka Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha. Bayan aiki, ka kiyaye fatar da aka dasa maka daga gumi da rana da ɗaukar kaya har sai likita ya sallame ka, abin da ke buƙatar haƙuri idan aikin ya faɗo a watannin bazararmu. Sannan ka riƙa komawa a duba ka duk wata shida na shekara uku zuwa biyar, daga nan sau ɗaya a shekara, domin yawancin dawowar a shekara ukun farko take faruwa, ko da yake akan samu wadda ta yi jinkiri. Sau ɗaya a wata, bayan wanka, ka bi ɗinkin da yatsa, duk sabon taurin da ka ji ka kai shi ba tare da jiran ranar da aka ba ka ba.

Tambaya: Likita, ina da tabon da ya kumbura a kunnena tun da aka yi mini huji, yanzu kuma wani ya fito a tsakiyar ƙirjina, yana ƙaiƙayi. Ina da ciki wata biyar, kuma ina ganin kamar ya ƙara girma. Wata maƙwabciyata ta ce irinsa ne ke zama ciwon daji. Daga wata mai karatu, Boɗinga.

Amsa: Malama, Allah Ya raba lafiya. Abin da kika kwatanta ya fi kama da kumburarren tabo da likitoci ke kira kiloid, wanda ya yawaita ƙwarai a tsakanin baƙar fata, kuma shi ba ciwon daji ba ne. Kiloid yakan biyo bayan wani rauni, huji ko ƙuna ko tsaga ko ƙuraje, yana da sulɓi da sheƙi, yana ƙaiƙayi ko zogi, ya fi son kunne da tsakiyar ƙirji da kafaɗa, kuma wanda ya taɓa yin ɗaya yakan yi wani. Yana iya ƙara girma a lokacin goyon ciki. Matsalar ita ce DFSP ma yana iya ƙara sauri a lokacin ciki, kuma kiloid na cikin abubuwan da aka fi ruɗa shi da su, har akan yi wa mutum allurar kiloid shekaru kafin a gano gaskiya. Abin da ke sa in yi shakka shi ne tabon da ya fito a inda babu wani rauni da aka sani, ga wadda ba ta taɓa yin kiloid ba, wanda yake ta faɗaɗa shekara bayan shekara, ya fitar da ƙulluttai masu bambancin girma, ko ya fashe yana jini, ko aka yi masa allura sau da yawa bai saurara ba. Tarihin kunnenki ya sa na fi karkata ga kiloid, amma ba a yanke hukunci daga wasiƙa. Ki nuna wa likita a ranar awon cikinki na gaba. Idan ya ga alamar shakka, ana iya yankar ɗan guntu da allurar kashe zafi ta wurin kawai, ko da kina da ciki. Kada ki bari a yanke shi a gida ko a ɗaure shi da zare, domin kiloid da aka yanke ba tare da magani a bayansa ba yakan dawo ya fi na da.

Tambaya: Ni ma'aikacin lafiya ne a wani ƙaramin asibitin karkara a yankin Gwadabawa. Mutane na kawo mana ƙulluttan fata su ce a cire musu, kuma garin da nisa daga birni. Wanne zan taɓa, wanne zan tura? Daga wani mai karatu.

Amsa: Abokin aiki, sannu da ƙoƙari, na san irin matsin da kuke sha daga mutanen da ba su da kuɗin mota. Ƙullin kitse na gaskiya yana da laushi, yana zamewa a ƙarƙashin yatsa, kuma za ka iya tsunkule fatar da ke kansa ka ɗaga ta. DFSP kuwa yana da tauri, a manne yake da fatar kanta, ba ta tsunkuluwa, ko da yake da farko yana motsi a kan tsoka. Ka tura duk ƙarin da ya manne da fata haka, da wanda ya wuce santimita 5, da mai ƙulluttai da yawa, da wanda ya fara saurin girma bayan ya daɗe shiru, da duk wanda aka taɓa cirewa ya dawo. A irin waɗannan, da muguwar rawa gara ƙin tashi, domin ƙaramin yanka yana barin saiwa, yana kuma tilasta wa likitan gaba ya buɗe wuri mafi girma. Rashin ciwo kada ya ruɗe ka, yawancinsu ba sa ciwo a shekarun farko. Ka rubuta takardar turawa da shekarun ƙarin, da faɗinsa a santimita, da duk abin da aka taɓa yi masa, har da na wanzami. Idan kuma ya zama an cire wani nama a wurinku, a sa shi nan take cikin fomalin, ruwan da ke hana nama ruɓewa, mai ƙarfin 10 cikin 100, yawan ruwan ya ninka girman naman sau goma, a cikin kwalba mai faɗin baki, a rubuta sunan mai shi da sashen jikin da aka cire da kwanan wata, a ba ɗan'uwansa ya kawo sashen awon nama a Sakkwato, kuma ka karɓi lambar wayarsa domin ka neme shi idan sakamako ya fito.